Haƙorin Sama na Inna Kyauta

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau, Inna Kyauta ta Sakajiki ta cika shekara biyu rabonta da tauna da ɓarin hagu. Turmin haƙorinta na sama ne ya ruɓe. Matar da a da ba ta da abin so kamar gasasshiyar masara, sai ga ta kunu da safe, kunu da rana, kamar ɗan yaye. Kanumfari ta sa, gishiri da kanwa ta sa. A kasuwar Shinkafi wani mai magani ya turara mata hayaki, ya nuna mata tsutsotsi uku a ƙwarya, ta dawo gida da ciwonta cif, sai ƙarin tari.

Ranar da kumatun ya kumbura har ta kasa kai goshi ƙasa a sallah, ta ce asibitin Ƙauran Namoda za ta, a cire shi. Nan fa gida ya tashi, don kowa a ƙauyen ya taso da jin cewa in an cire haƙorin sama, ido bin sa yake.

Mu'awiya, babban ɗanta, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta. "Inna, ki yi haƙuri. In anka hidda haƙorin bisa makancewa za ki yi."

"Wa ka gani da idonka ya makance?"

"Haka munka ji ga manya."

"Ni ma manya ce, kuma ni ka jin ciwon."

Da ya ga ba ci, sai ya kawo hujjar sabuwar dokar gwamnati: an hana mace hawa babur ɗin kabu-kabu, mota kuwa ba ta shigowa sai ranar kasuwa. A zatonsa ya ɗaure ta ke nan. Bai san uwar da ta haife shi ba.

"To, jaki hwa? Shi ma an hana?"

Ba ta jira amsar Mu'awiya ba. Ta kwance jakinsa, ta yafa mayafi, ta hau. Dole ya bi ta a ƙafa yana ta salati.

Tsoro kam ta ji shi, ba ƙarya. A hanya ta riƙa kallon gero da dawa da farar balbela kamar mai ban kwana, don wa ya sani. Da likita ya ɗauko allura, ta ce, "Yaro, idona hwa?" Ya ce hanyar ido daban, ta haƙori daban. Ta ce ko ma ɗaya ce ya cire, ta gaji.

La'asar sakaliya suka dawo, ta tarar da tsakar gida cike da mata, wasu har sun fara matsar ƙwalla. Maƙwabciyarta Balaraba ta matso tana kaɗa mata hannu a fuska. Inna Kyauta ta make hannun.

"Ina ganinki, har da miyar da ta zuba ga zanenki."

Ta kwance bakin mayafi, ta ɗauko haƙorin, baƙi, da rami a tsakiya, ta danƙa wa Mu'awiya a tafin hannu.

"Ga abin da ya hana uwarka sujada, kai kana yi mashi gadi. Aje shi. In na warke, masara nika so, mai tauri."