Makarantar Koyon Tunani

Da jikana Dogo ya dawo hutu daga jami'a, wuyansa na fara duba. Ya rame. Rigar da ubansa ya ɗinka masa bara sai lilo take a jikinsa.

Na ce, "Angona, wai me suke koya muku a can da ba a cin abinci?"

Ya ce, "Falsafa, Kaka."

"Ci ake ko shafawa?"

Ya yi dariya. "Tunani ake koya mana. Yadda mutum zai yi tunani mai zurfi."

Tunani fa! Abin da likita ya yi ta roƙon kakansa ya rage ke nan, bai rage ba, har jini ya hau masa ya yanke jiki a bakin banɗaki. Yanzu ga makaranta guda an buɗe don a ƙara wa yaro.

Na sa masa ido. Sai ya zauna a tsakar gida da littafi a cinya, bai buɗa shafi ba, bai ƙifta ido ba. Rannan ya ɗaga kofin shayina ya ce, "Kaka, in kin fita ɗaki, ta yaya kika san kofin nan yana nan?"

Na ce, "Da makulli nake fita, ɗan nema."

Bakina ne kawai ya yi wasa. Na ƙudura zan sa ubansa ya cire shi, amma ubansa ba ya jin magana sai da shaida. Sai na ce wa Dogo gwiwata ta matsa, ya raka ni wurin mai kemis na bakin titi. Muna shiga na ce a auna jinin yaron nan.

Mai kemis ya ɗaura masa abin a dantse, ya hura, ya duba. "Lafiya lau, Iya. Ke kawo naki hannun, idonki ya yi ja."

Ya auna. Ya sake aunawa. Ya daina murmushi.

A hanyar gida Dogo ya riƙe min hannu kamar mai koyon tafiya. Ya ce, "Ba zan koma ranar Lahadi ba. Sai jininki ya sauka."

"Jarrabawar fa?"

"Bari ta wuce ni, sai in maimaita shekara."

Abin da na fita nema ke nan, ga shi an miƙo min, sai na kasa karɓa. Ni da ko gaisuwar rasuwa ba na bari a biyo ni bashinta, yau zan ci wa jikana shekara guda? Da me zan biya?

Ranar Asabar da kaina na jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado.

"Kaka, ajiye."

"Tashi ka ninke kayanka. Zan sha maganin a gaban ubanka kullum. Kai kuma duk mako ka je a auna ka, ka kira ni. In ka yi min ƙarya zan ji a muryarka."

Ya tsaya yana kallona, ya yi nisa cikin tunani.

Na ce, "Ka ga! Ka fara ko?"