Tanderun Mbah Sarwo

"Lastri, buɗe mini tanderun nan!"

Muryar maƙwabcina Mbah Sarwo ce daga kan gadonsa, ta ratso bangon gora har cikin gidana.

Shi da jikarsa Lastri kaɗai suka rage a gidan, ita kuwa ɗalibata ce. Tun aman da dutsen Merapi ya yi ya farfasa tagogin ajinmu, da katako muka toshe su, yara suna karatu cikin duhu. Tsohon ya yi aikin kwalabe yana saurayi, sai ya ci alwashin yi mana gilashi da baƙin yashin da dutsen ya zubo cikin rafi. Ya iya narkarwa, ya iya shimfiɗawa. Haƙuri ne babu. Gilashi sai ya huce a hankali cikin tanderu a rufe, shi kuwa kullum sai ya leƙa, iska ta shiga, mu ji tas! Bai taɓa fitar da ko ɗaya lafiya ba.

Ran da ciwon ƙirji ya kayar da shi, akwai sabon gilashi a cikin tanderun.

Na shiga gidansu da kunun shinkafa.

"Malama, yi mata magana. Leƙe ɗaya kawai."

"Kaka, kai ka ce in ka roƙa in toshe kunne," in ji Lastri daga bakin ƙofa.

"Ji mini yarinya mai taurin kai!"

"Gado na yi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Yinin nan Lastri ba ta zauna ba. Ta je bayan gida ta taɓa bulon tanderu, ta dawo ta dubi ƙirjinsa, ta sake fita. Da azahar ta kamo hannuna.

"Malama, numfashinsa ya canza. In buɗe?"

Na taɓa bulon, na janye hannu da sauri.

Ya cika bayan la'asar, fuskarsa tana kallon ƙofar baya.

Sai da masu gaisuwa suka ragu, bulo ya yi sanyi ƙalau, sannan ta buɗe. Gilashin ya fito kore mai duhu, da 'yan kumfa a gefe, babu tsaga ko ɗaya. Ta ɗaga shi da hannu biyu, hasken safiya ya zubo mata a riga.

"Da na buɗe, fasasshe zai gani," ta ce a hankali. "Wannan dama ba zai taɓa ganinsa ba."