Yaɓen Zauren Kaltuma

Tun rasuwar mijinta Kaltuma take kallon tsagewar da ke bangon zaurensu, kowace damina tana ƙara buɗe baki. Bana har hannu na shiga. Zauren kuwa sananne ne a Birnin Zinder. Kakan mijinta, madugun da ke kai fatu arewa, shi ya gina shi, ya sa aka ƙawata fuskarsa da zanen dagi da takubba. Yanzu zanen ya koɗe, zanko ɗaya na saman ginin ya karye, amma a nan take shimfiɗa tabarma tana sayar da daddawa.

A bazarar 1957 ta sa aka kawo mata jar ƙasa, aka jiƙa da ciyawa, ta dafa makuba don ruwa kada ya ci yaɓen. Saura magina kawai. Sai ga Illa, tafintan biro, wato ofishin kumandan, da hular kwano a ka kamar shi ya ci garin.

"Inna, saƙo ne daga biro. Ran Alhamis baƙi za su zo daga Faransa, masu yawon ganin tsofaffin wurare. Sun ga fada, za su ga ganuwa, sannan zauren nan. An ce kada a taɓa shi."

"To ai sai mu hanzarta," in ji Kaltuma. "Baƙi tun daga Faransa su tarar da gida a tsage? Kunyar wa ke nan?"

Illa ya share gumi. "Ba ki gane ba, Inna. Tsagewar suke so. Su kango suka zo gani. An sa shi a takarda, daga yau ba mai ɗora masa ƙasa sai da izinin kumandan."

"Izinin yaushe zai fito?"

"Sai an rubuta Yamai."

Ta ɗaga kai ta dubi gabas. Ko makaho ya san iskar ta sauya. Kafin takarda ta je Yamai ta dawo, ruwa biyu sun isa su kwantar da bangon nan.

Washegari ta bi magina gida gida. Wannan ya ce ƙugunsa ke ciwo, wancan ya ce ya yi alkawari a Tirmini. Duk an riga an ja musu kunne. Ƙarti da gemu, kowa na sunkuyar da kai! Ta dawo ranta a ɓace, ta zauna ta yi kukanta, ta gama, ta wanke fuska. Sannan ta leƙa ta kan katanga ta kira maƙwabciyarta.

"Gana, shekara nawa muna daɓen ɗaki ni da ke?"

"Tun muna amare, Yaya."

"To abin da muke yi a ƙasa, gobe a tsaye za mu yi shi."

Ran Laraba da hantsi mata bakwai suka ɗaure zane a gwiwa suka shiga taka ƙasa. Gana ta ari tsani a gidan masu ɗori. Kaltuma, da shekarunta sittin da ɗoriya, ita ta hau, ana miƙa mata curi tana cusawa cikin tsagewar, tana shafewa da tafin hannu. Aikin bai yi kyan na magina ba, wani wurin tudu wani wurin kwari. Inda zanen dagi ya koɗe ta bi sawunsa da yatsa ta sake fito da shi, ya ɗan karkace. Maza na wucewa suna satar kallo, ba wanda ya ce sannu, ba kuma wanda ya ce a bari.

Ran Alhamis mota ta tsaya a bakin lungu. Nasara huɗu suka sauko, maza uku da wata madam mai laima, kowa da abin ɗaukar hoto a wuya, Illa na gaba, gardi, wato ɗan sandan kumandan, na baya. Illa na ganin zauren ya tsaya cak. Fuskar gaba ta sha sabon yaɓe, ja wur, tana ƙamshin makuba. An share ƙofar gida an yayyafa ruwa, ga tabarma, ga ƙwaryar fura an rufe da faifai.

Wani tsoho a cikin baƙin ya buɗe littafi, ya dubi hoto, ya dubi bango. Ya sa yatsa ya taɓa, yatsan ya nutse. Ya yi ta magana da sauri, fuskarsa ta yi ja.

"Me ya ce?" in ji Kaltuma.

"Ya ce kin lalatar da abin tarihi, Inna. Wai tun daga Marsai ta Faransa ya taso don bangon nan."

"Allah sarki, ya sha hanya. Ce masa ga fura. Ka kuma ce masa in kango yake nema, akwai su bayan ganuwa, inda masu su suka mutu. Nan da mutane a ciki."

"Inna, ba zan iya faɗa masa haka ba."

"Faɗa masa. Ai aikinka ke nan."

Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, Allah masani. Madam dai ta ɗauki hoton Gana a kan tsani, sauran suka juya ba su taɓa furar ba. Wannan ya fi yi wa Kaltuma zafi.

Gardin ya matso, yana kallon ƙasa. "Iya, sai haƙuri. Kumandan zai so ganinki yanzu."

Ta san da haka tun jiya, shi ya sa ta fito da mayafinta na unguwa ta rataye a ƙofa. Ta yafa shi, ba ta ko wanke hannu ba. Matan suka yi cirko-cirko, ƙafafu cikin laka.

"Me kuke kallo?" ta ce. "Gana, gefen gabas ya rage, kuma nan ruwa ke duka. Ku ƙara makuba. Ko na kwana can, kada ku sauko sai kun kai zanko."

Ta shige gaban gardin ta kama hanyar biro. Kafin ta kai bakin lungu ta ji ƙarar curin farko ya daki bango.