Kwandasta Ta Ƙi Ci

"Kanta za ki riƙe, ba wuyanta ba. Shaƙe ta za ki yi?"

Mai ɗinki ta gyara riƙo tana kau da fuska, don bakin kyanwar wari yake yi. Baba Direba ya ɗaga leɓen da babban yatsa ya nuna mata: dasashi ya kumbura ya yi jawur, haƙoran gefe guda sun ruɓe, ɗaya ma rabi ya rage.

"Likitan dabbobi ya ce cirewa ya kamata, amma in aka yi mata allurar barci ba lalle ta tashi ba. Tsufa. Saboda haka komai sai an dame shi. Kifi ki cire ƙaya, hanta ki murje da cokali, ki zuba romo. Kada ya yi zafi, kada ya yi sanyi."

A ƙofar gida ɗansa yana ta danna hon. Tun safe ya zo don ya kai shi asibiti, tsohon ya kafe cewa ba inda za shi sai ya ga wanda zai kula da Kwandasta. Sunan da ya raɗa mata ke nan tun yana jan bas, wai ita ma ba ta barin kowa ya wuce bai ba ta nata ba.

"Baba, ka je mana. Kyanwa ce fa, ba jaririya ba."

"Jaririya ai ta iya kuka a ji," in ji shi. Ya miƙa mata makulli, ya fita yana dafa bango.

Ita ba mai son dabba ba ce. Amma shekara da shekaru ɗakunansu suna kallon juna, kuma tun da mijinta ya rasu, 'ya'ya suka watse, tarinsa na safe ne kaɗai ke tabbatar mata akwai wani mai rai a gidan. Ba za ta iya ce masa a'a ba.

Ta bi umarni sau da ƙafa. Ta dafa kifi, ta tsince ƙaya da yatsu, ta dame shi ya yi laushi, ta ajiye a gindin kujerarsa ta koma kan keken ɗinkinta. Da ta leƙo, ƙudaje ne suka amsa gayyata. Ta gwada hanta. Ta gwada ƙwai. Har na gwangwani ta sayo a kanti, mai hoton wata ƙatuwar kyanwa da ba ta san wahala ba. Kwandasta ta sunsuna, ta juya ƙeya, ta haye kan tsohuwar rigarsa ta kwanta. Kwanaki suka ja, ƙasusuwan bayanta suka fara fitowa, miyau yana zuba daga bakinta.

Tsoro ya kama mai ɗinki. Amana aka ba ta, kuma amanar tana ramewa a gabanta.

A asibiti ta same shi ya ƙanƙance a gado, tiren abinci a gefe ko taɓawa bai yi ba. Bai bari ta gama gaisuwa ba.

"Ta ci?"

"Ta ci sosai, Baba. Har da lashe kwano."

Ya dube ta, ya yi 'yar dariyar da ta koma tari. "Rabon Kwandasta da lashe kwano tun tana da lafiyar haƙori. 'Yata, ƙarya ba sana'arki ba ce, ki tsaya a ɗinki."

Sai ta faɗa masa gaskiya, da kifin, da hantar, da gwangwanin. Ya kalli silin.

"In kin ajiye mata, ke a ina kike cin naki?"

"Ni? A tsaye a kicin, cikin tukunya. Wa zan zauna wa?"

"To, shi ne." Ya rufe ido. "Laifina ne, ban faɗa miki ba. Ni ma ban san doka ba ce. Kullum tare muke ci, ni a kujera, ita a ƙasa. Tun da bakin ya fara ciwo tsoron kwanon take yi, sai ta ji cokalina yana motsi take yin ƙarfin hali. Ki je ki zauna ki ci a gabanta."

Ta kalli tiren da ke gefensa, ta so ta yi magana, sai ma'aikaciyar jinya ta ce lokacin dubiya ya ƙare.

"Gobe ki zo mini da labari na gaskiya," in ji shi.

Da la'asar ta dafa shinkafa, ta dama kifi. Tana zubawa a kwanuka biyu waya ta yi ƙara. Ɗansa ne. Ya ce bayan fitarta Baba ya juya ya fuskanci bango kamar mai barci, shi ke nan. Ta ce Allah ya jiƙansa, ta sake faɗa, ba ta san lokacin da ya kashe wayar ba.

Ta daɗe a tsaye. Kewarsa ta kama ta, abinci ya fita daga ranta gaba ɗaya. Amma na kyanwar yana hucewa.

Ta ɗauki kwanukan ta tsallaka zuwa ɗakinsa. Ta kasa zama a kujerarsa, ta zauna a ƙasa ta jingina da ita, ta tura ƙaramin kwanon gaba. Ta haɗiye lomar farko tare da hawaye. Ta sake ɗiba, ta bari cokalin ya bugi kwano.

Kwandasta ta ɗaga kai. Ta sauko daga kan rigar a hankali, ta tsaya a kan abincin ta daɗe. Sannan ta sa harshe.

Mai ɗinki ba ta kalle ta ba, don kada ta fasa. Ta ci gaba da kai loma baki, tana kallon ƙofar ɗakinta da ta bari a buɗe.