Kan Bijimin Dabo

"Ɗauki gudumar can, Nuhu."

Da haɓa Dabo ya nuna, don hannunsa ya daina ɗaguwa. Gudumar tana jingine a bayan ƙofa tare da cokalin gini da igiyar awo, kayan da rabonsu da fita ɗakin shekara biyu ke nan, tun da tari ya kwantar da shi.

"In yi mi da ita?" na ce.

"Ka tai ka cire mashi kai. Yau."

Ban tambaye shi kan wa ba. Shekara talatin da uku muna katanga ɗaya da Dabo magini a garin Anka, kuma abu guda ne ya taɓa shiga tsakaninmu: jan bijimin siminti da ya gina a mararrabar bakin kara, inda ake cinikin shanu. Dillalan kara ne suka sa shi aikin tun muna da sauran baƙin gashi. Akwai wani Bafulatani, Gidaɗo, mai jan sa da ake kira Jatau, shi Dabo ya kwaikwaya. Ya ɗaure rodi, ya kwaɓa siminti da jar ƙasa, ya yi wata huɗu yana shafawa yana ja da baya yana kallo. Ranar da aka yaye tabarmin da aka kewaye wurin da su, sai ga sa tsaye a kan dakali, tozo ya kwanta gefe guda, ƙahoni sun miƙe sama. Ko jijiyar wuya Dabo bai manta ba. An ce wata saniya da aka kawo daga Gummi ta tsaya gabansa ta yi kuka. Ni ban gani ba, ban kuma yarda ba.

Abin da na yarda da shi, shi na faɗa masa ranar a gaban jama'a. Na ce, "Dabo, ka siffanta mai rai. Ranar tsayuwa za a kawo maka shi a ce ka hura mashi numfashi. Da wane baki za ka hura?" Ya yi dariya, ya ce ni da ko izu biyar ban haɗa ba na zama alƙali. Ban fasa ba. Ranar suna, ranar Sallah, zaman makoki, sai na tuna masa. Da aka taɓa tasowa za a rushe shi, dillalai suka ce alamar kasuwarsu ce, aka yi ta ja har maganar ta mutu.

Yanzu ga Dabo kwance, ƙirjinsa na kuka kamar tsohon zugazugi.

"Na tambayi Liman tun bara," ya ce, yana hutawa tsakanin kalma da kalma. "Ya ce in an raba kai da jiki, ya tashi daga siffa, ya zama kamar kututture. Kullum sai in ce gobe. In na tuna wuyan nan da na shafa da hannuna, sai in ce gobe." Tari ya sarƙe shi, muka jira. "Na yi mafarki sun aje shi gabana, Nuhu. Ina ta hurawa, ina ta hurawa, ƙirjin ba iska."

Matarsa Marka tana zaune a bakin gado tana masa fifita. Ba ta dube ni ba ta ce, "Malam Nuhu, kada ka biye mashi. Yau kasuwa. Ka san abin da ke cikin garin ga."

Na sani. Kwana uku da suka wuce ɓarayin daji sun tare manoma a wani ƙauye ta hanyar Bukkuyum, aka kawo gawa shida. Tun ranar ba wanda ya sayi nono a unguwarmu. Fulanin da suka gudo cikin gari, waɗanda ɓarayin nan ne suka kwashe musu komai su ma, sun daina zuwa masallacin layinmu. Samari suna yawo da gora a saɓe, ido jajir. A irin wannan rana, Bahaushe ya hau kan sa da guduma a bakin kara, ba mai tsayawa tambayar dalili.

"A bari sai jibi," na ce. "Kasuwa ta watse, in tai da sassafe."

"Dube ni da kyau. Ka ga mai kai jibi?"

Na dube shi. Na yi wankan gawa da yawa a garin nan, na zauna gaban masu tafiya, na san yadda hanci ke yi in ajali ya matso. Ban ga alamar zai kai magariba ba.

"Kai ka shuka mani tsoron ga," ya ce. "Kai za ka cire shi."

Na ɗauki gudumar. Ta fi yadda na zata nauyi. A ƙofar ɗaki Marka ta ce, "In anka zubar da jini saboda siminti, shi ma ɗin sai an tambaye ku." Na fita.

Daga gidan Dabo zuwa mararraba taku ɗari biyu ne ko ƙasa da haka. A cikin takun nan zan faɗi abin da ban taɓa faɗa masa ba. Shekara huɗu da suka wuce muna dawowa daga Gummi, aka buɗe wa motar da ke gabanmu wuta. Direbanmu ya taka, mu kuma muka cusa kawunanmu ƙarƙashin kujeru muna salati. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba. Da na ɗago, abin da na fara gani ƙahonin nan ne sun leƙo ta saman dogon yaro. Da su na san na iso gida da raina, har hawaye suka zubo mini a gaban mata. Ba ni kaɗai ba ne. Duk mai shigowa garin nan sai ya hango ƙaho yake sakin numfashi, ya buga waya gida ya ce, "Mun iso Gindin Sa."

Na ari tsani a shagon mai walda. A inuwar san 'yan kabu-kabu ke ajiye baburansu, shugabansu Bilyaminu yana kwance a kan nasa yana sakace.

"Baba, lafiya? Ina za ka da guduma?"

"Matsa mani da babur ɗinka."

Ya dubi tsanin, ya dubi sama, ya miƙe zaune. "Haba Baba. Wanga sa ya girme ni. Nan Innata ke aje ni tana sai da ƙosai. In ka sare shi, mi za mu ce ma fasinja? Mu kai ka gindin mi?"

"Gindin Baba Nuhu!" wani ya ce daga baya. Aka bushe da dariya.

"Mai shi ya aiko ni," na ce. "Matsa."

Ya matsa don furfurata, ba don ya so ba. Na jingina tsani a kafaɗar san, na hau da gwiwoyin da ko matakalar masallaci ba sa so. Kafin in kai mataki na biyar mutane sun kewaye wurin. Wasu na roƙo, wasu na zagi a ciki-ciki. Duk wannan zan iya ɗauka, na saba a ƙi maganata. Sai wata murya ta taso daga cikin masu gora.

"Fasa shi, Baba! Yau shanunsu, gobe su!"

Dariya ta ɗauke. Daga saman tsani ina ganin komai. Fulanin da ke bakin kara suka miƙe ɗaya bayan ɗaya, sandunan da ke kan kafaɗunsu suka sauko hannu. Matansu suka fara rufe ƙore suna ja da baya. Mai shayi ya kife kofunansa. Na ji ƙarar ƙofar shago ana ja, sai wata, sai wata. Masu gora suka matso, ɗayansu ya sunkuya ya ɗauki dutse. In na ɗaga gudumar za a yi gawa. In na sauko Dabo zai tafi da tsoronsa.

Sai wani tsoho ya ratso tsakanin ɓangarorin biyu yana dogara sanda, ba ya sauri. Gidaɗo ne. Shekara biyar ke nan da aka kore garkensa kaf a wuni ɗaya, aka harbe babban ɗansa. Yanzu a wani kango yake zaune a bayan tasha. Duk ranar kasuwa sai ya zo ya shimfiɗa buzu ya jingina da ƙafar san nan, ba ya saye ba ya sayarwa.

"Malam Nuhu, sauko."

"Ba ni saukowa, Gidaɗo."

"Sun kwashe garke, sun bar mani wanga guda don ba ya koruwa. Shi ma ka zo ɗauka?"

Na sunkuyo yadda zai ji. "Magini na kwance, ba ya kai magariba. Tsoro yake ji a ce ya hura mashi rai. Liman ya ce in kai ya sauka ya kuɓuta. Ni na tsorata shi, shekara talatin da uku."

Gidaɗo ya jingine sandarsa. Ya ɗora tafinsa a ƙafar san yana shafawa, wurin da bayansa ya goge har ya yi santsi.

"Da ƙafa yake zuwa rugata," ya ce, "yana auna Jatau da igiya. Ran nan Jatau ya ɗaga shi ya yar cikin kashin shanu. Ya tashi yana dariya, wai a riƙe mashi shi, bai gama auna wuya ba." Ya ɗago ya dube ni. "Da bakinshi ya aiko ka?"

"Da bakinshi."

"To sauko. Sana ne. Ba Kaɗo, ba wani Bahaushen da ke sa mashi hannu ina tsaye."

Ya juya wajen mutanensa ya yi magana da Fillanci, gajeruwa. Ban ji abin da ya ce ba, amma na ga sanduna suna komawa kafaɗu. Sannan ya ɗaga murya da Hausa. "Kowa ya shaida. Ni Gidaɗo na ɗauki guduma da hannuna, don abokina Dabo da ke kan hanya. Wanda ke son faɗa ya nemi wani dalili, wanga ba nashi ba ne."

Na sauko na miƙa masa gudumar. Bilyaminu ya zo ya riƙe tsanin da hannu biyu, ya waiwaya wajen mai dutsen. "Kai, aje shi. Ko ka aje shi ko in aje ka." Dutsen ya faɗi.

Gidaɗo ya hau a hankali. Ya dafa goshin san kamar yadda ake yi wa dabba kafin yanka, ya yi bisimilla, ya buga a wuya. Ko ɓarɓashi bai zubo ba. Dabo ba ya ha'inci a kwaɓi. Ya sake bugawa, ya sake, yana hutawa yana share fuska da hannun riga. Bugun kaɗai ake ji a duk mararrabar. Da rodi ya bayyana, mai walda ya hau da zarto ba tare da an kira shi ba. Aka ɗaure ƙahonin da igiyar shanu, 'yan kabu-kabu da samarin Fulani huɗu suka saukar da kan a hankali har ƙasa, don nauyinsa ya fi ƙarfin ɓangare ɗaya.

Na tsinci wani guntun siminti mai jijiyar wuya a jiki, na nufi gida da saurin da ban san ina da shi ba.

Tun daga zaure na ji shirun. Marka tana tsaye a bayan labule.

"Ya cika, Malam Nuhu."

Na tsaya da guntun a hannuna. "Bai sani ba ke nan. Na makara."

"Ya sani. Har nan ake jin bugun. Da anka fara ya ce in daina fifita. Ya saurara, ya ce, wanga ba Nuhu ba ne, Nuhu ba ya da wanga haƙuri. Ya ƙara saurare, ya ce, kuma ba magini ba ne, wanga yana bugu yana jin tausayi. Sai na ga yana murmushi. Ya ce, Gidaɗo ne." Ta riƙe bakin labulen. "Da bugun ya tsaya ya ja numfashi guda mai tsawo, irin wanda rabon da in ji ya ja tun kafin ciwon ga. Ya yi shahada."

Ni na yi masa wanka. Mun sallace shi bayan la'asar, Gidaɗo yana kusa da ni a sahun gaba, ƙurar siminti ba ta gama fita daga gemunsa ba. Hanyar maƙabarta ta mararraba take bi. Da makara ta zo daidai wurin, masu ɗauka suka rage sauri ba tare da kowa ya ce su rage ba.

Ranar kasuwar da ta zagayo na bi ta wajen da hantsi. Wani ɗan kabu-kabu yana kiran fasinja, "Gindin Sa, mutum ɗaya!" Gidaɗo yana nan a kan buzunsa, sai dai ya ja shi baya kaɗan, don inuwar ta gajarce ta gaba. A kan tozon, wata belbela ta tsaya da ƙafa ɗaya tana gyara fukafukinta.