Rufin Mutane Ba Wasa Ba Ne

Tun da likita ya hana shi hawa tsani, Baba mai rufi ya zama abin tsoro a gidansa. Jiri ne ya fara ɗibarsa a saman wani bene, gwiwar hagu kuma ta daina yi masa biyayya. Duk da haka bai rufe shago ba. Masu buga ƙusa yana da su. Abin da ya rasa shi ne idon da zai aika sama ya gano masa inda ruwa ke shiga, don ya ce yaran yanzu ba sa ganin huda sai ta isa mutum ya zura kai.

Autarsa ma'aikaciyar asibiti ce. Ta sayi wani ƙaramin jirgi mara matuƙi mai kyamara, tana tashinsa a filin ƙwallo ranar hutunta. Baba ƙudan banza yake kiransa.

Sai ga wani mai sito, tsohon abokin cinikinsa, ya zo da kuka: rufi na yoyo, kwalayen kaya suna jiƙewa, hadari kuma kullum sai ya haɗu. Baba ya kwana yana juyi. Da safe ya tsaya a ƙofar ɗakin Auta.

"Ɗauko ƙudan nan naki."

"Au, yau ƙudana ya yi rana, Baba?"

"Ɗauko na ce."

Siton dogo ne, rufinsa ya yi nisa da ƙasa. Auta ta tashi jirgin, Baba ya ƙwace allon da ke nuna hoton kyamarar daga hannunta ya kanga a fuska.

"Hagu. Hagu na ce, ke ba a koya miki hagu a asibiti ba? Sauko. Tsaya nan!"

Ga shi kuwa ƙarara. A kusurwar gabas, inda kwano ya haɗu da indararo, tsatsa ta cinye bakin ƙusoshi, kwanon ya ɗaga. Baba ya ji jini ya dawo masa jiki. Rabon da ya ga saman rufi tun kafin jinya.

Yana cikin nuna wa mai sito ne wata farar mota ta tsaya. Wani jami'i ya fito, rigarsa a goge, ya nuna katin hukumar da ke kula da zirga-zirgar sama. Ya gaida Baba da ladabi, ya nemi takardun jirgin. Auta ta sauke shi, ta miƙa rajistarta.

"Wannan ta nishaɗi ce, hajiya," in ji jami'in. "Ta isa idan shan iska kike yi. Idan aiki ne, sai an zauna jarrabawa an karɓi lasisi."

"'Yata ce," in ji Baba. "Ba hayarta na yi ba."

"Ba sai an biya ba, Baba. Duk tashin da zai amfani sana'a, aiki ne."

"Jirgin ɗaya, hannun ɗaya, sama ɗaya. A filin ƙwallo tana shawagi kan 'ya'yan mutane ba laifi, yau da ta duba kwano sai ta zama ɓarauniya?"

"Ba ni na rubuta dokar ba."

Jami'in ya dubi furfurar Baba, ya dubi sandarsa, ya sassauta murya. Ga alama ba mugu ba ne.

"Na san uba da 'ya kan fito su ɗan yi wasa. Wasa kuke yi, ko ba haka ba? In wasa ne, ku tattara ku koma fili, ni ban ga komai ba."

Auta ta taka ƙafar mahaifinta. Mai sito ya kau da kai yana tari. Masu dakon kaya sun ajiye kwalaye a bakin ƙofa, sun kasa kunne.

Kalma ɗaya ake nema, Baba ya sani. Ya buɗe baki, ta ƙi fitowa. Rabin rufin layin nan shi ya buga. Ubannin waɗannan masu dako sun san ƙarar gudumarsa. Yanzu a gabansu zai ce ya zo wasa da ƙuda, kamar tsohon da hankalinsa ya fara tafiya?

"Wasa?" ya ce. "Kai yaro, dube ni da kyau. Na yi maka kama da mai wasa?"

"Baba, don Allah," in ji Auta.

"Yi min shiru! Tun ubanka bai san hanyar gidan su uwarka ba nake kan rufi, ɗan nan. Ban taɓa wasa da rufin mutane ba. Aiki nake yi. Rubuta: aiki!"

Jami'in ya ja numfashi. Ya rubuta. Ya ɗauki jirgin ya sa a mota, ya ce za a riƙe shi sai hukuma ta zauna a kan batun, kuma mai rajista ce za ta je ta amsa, ba Baba ba. Motar ta tafi.

Auta ta juyo, idanunta sun yi ja.

"Ka ji daɗi? Sunana ya rubuta, ba naka ba. Ƙofa ya buɗe maka, Baba, ka rufe ta da kanka!"

"Ƙofar ƙarya."

"To ga gaskiya nan, sai ka hau ta ka duba rufi."

Bai taɓa jin ta ɗaga masa murya haka ba. Sai mai sito ya nuna sama. Gari ya fara baƙi.

"Ni dai kayana, maigida. Akwai wani kamfani da ke da lasisin, sun daɗe suna bina. Saboda kai nake korarsu. Yanzu yaya ke nan?"

Baba ya jefar da sanda. Ya nufi dogon tsanin da ke jingine a bangon sito, ya kama shi, ya ɗora ƙafar dama. Da ya ɗaga ta hagu, gwiwar ta kama rawa, ƙasa ta karkata. Ya rungume tsanin yana huci. Ba wanda ya yi dariya, wannan ma ya fi ƙona masa rai.

Auta ba ta taɓa shi ba. Ta dai tsaya dab da bayansa, hannuwa a buɗe.

Ya sauke ƙafar a hankali.

"Kira 'yan kamfanin," ya ce wa mai sito, bai juyo ba. "Ka ce kusurwar gabas ce, wajen indararo. In suka ce sai an sauya rufin gaba ɗaya, ƙarya suke yi."

Auta ta ɗauko sandar ta miƙa masa. Ya fizge.

"Yaushe za ki je hukumar?"

"Ina ruwanka?"

"Tare za mu je. Ni na faɗa, ni zan maimaita."

"Wallahi a gida za ka zauna," in ji ta, ta wuce gaba ta bar shi yana ɗingishi a baya.