Barcin Inna Suwaiba

Ƙaurin tsumma ne ya fito da Nazifa daga ɗaki, jinjiri a kafaɗa. Hantsi ya ɗaga. A bakin murhu ta iske mahaifiyarta, Inna Suwaiba, zaune kan kujera 'yar tsugunno, haɓa ta sauka kan ƙirji, ludayi a hannu. Ruwan wankan jego na tafasa a babbar tukunya, ganyen darbejiya na juyawa a sama. Gefen zanenta ya shiga murhu, wuta na cin sa a hankali.

"Inna! Wuta!"

Inna ta zabura, ta murje gefen zanen da tafin hannu kamar ba komai. Ba ta dubi Nazifa ba. Jinjirin ta duba.

"Kai maigida, gaya ma uwarka ta bar ihu. Idona biyu. Tunani nikai."

Haka suke magana. Nazifa 'yar fari ce. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta kallon tsakiyar idonta. Kunya ce, haka aka iske ana yi a gidajensu na Janbako. Ana yaye ta aka miƙa ta wurin goggo, can ta girma. In akwai saƙo, ta bakin ƙanne yake biyowa. Yanzu ga sabon ɗan aike an samu, Khalifa, wanda ko wuyansa bai tsaya ba.

Bisa al'ada Nazifa ce za ta tafi gida wanka, tunda haihuwar fari ce. Amma hanyar Janbako ba ta mai tsohon ciki ba ce, ga ramuka, ga abin da ake tsoro a daji. Sai Baba ya turo Inna nan Talata Mafara ta zauna har arba'in. Muttaka, mijin Nazifa, ya naɗe tabarmarsa ya koma zaure. Dama wuni yake a gonar shinkafarsa ta wajen Bakura, inda ruwan Bakolori ke bi. Uwa da 'ya suka haɗa ɗaki ɗaya, karo na farko tun Nazifa na goye.

A nan ta ji.

Ba minsharin ne ya dame ta ba, ko da yake yana da ƙarfi, har kwanon rufi kamar yana amsawa. Abin da ke biyo bayansa ne. Rannan bayan azahar Inna ta kishingiɗa kan tabarma, nan take barci ya kwashe ta. Minshari ya tashi, ya hau, ya hau, sai ɗif. Shiru. Nazifa ta ɗago daga shayarwa. Bakin Inna a buɗe, ƙirji na ƙoƙarin tashi, iska ba ta shiga. Nazifa ta fara Fatiha a zuci don tsoro. Ta kai ƙarshe. Shiru dai. Sai can Inna ta fizgo numfashi da wani gurnani kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ta motsa ƙafa, ta ci gaba da barcinta. Ba a jima ba aka sake.

Tun daga ranar Nazifa ba ta ƙara samun natsuwa ba. Jinjiri ya yi barci, ita ba ta yi. Kunnenta na kan tabarmar Inna. In minshari na tashi, hankalinta a kwance. In ya ɗauke, sai ta ji nata numfashin ma ya tsaya.

Ta daɗe da sanin Inna ba ta da lafiya, kowa ya sani. Shekaru ke nan tana tashi da ciwon kai, baki a bushe, jiki kamar an daka. Ta kan ajiye abu ta manta, ta kan yi faɗa kan abin da bai kai ba. Mai kemis a Maradun ya ce taifot ne, aka yi ƙarin ruwa. Ya ce maleriya, aka yi allura. An sha rubutu, an yi hayaƙi. Baba ya ce tsufa ne, alhali ba ta kai hamsin ba. Matan gida suka sa mata suna mai gyangyaɗi. Ba wanda ya taɓa cewa komai game da barcinta, don ita kaɗai take kwana a ɗakinta tun da autanta ya girma. Ko kuma an ji an yi shiru. Wa zai dubi matar aure, uwar manya, ya ce tana minshari?

Nazifa ta gwada ta hanyar da ta sani. Da safe, Inna na damun kunun kanwa, ta ɗaga Khalifa sama tana masa wasa.

"Kai, jiya ka hana mu barci, ko kuwa matarka ce ta hana ka? Ka ji yadda take ja, sai ta tsaya, sai..."

Muciya ta tsaya cikin tukunya.

"Maigida," in ji Inna, murya a sanyaye, "injin ban-ruwan ubanka ka ji cikin mafarki. Mace da minshari? Ni ɗiyar mutane ce. Ka gaya ma masu koya maka magana su nemi wata."

Ta juya baya. Har la'asar ba ta sake aiko saƙo ba.

Da magariba Nazifa ta tare Muttaka a zaure, yana kankare laka daga ƙafa.

"Kana jin Inna in ta kwanta?"

Ya yi kamar bai ji ba, ya ci gaba da kankara.

"Da kai nake."

"Da farko na ɗauka janaretan maƙwabta ne," ya ce, yana kallon ƙasa.

"Numfashinta tsayawa yake. Ka yi mata magana, ko ka kira Baba."

"Ni? In ce wa surukata mi? Ke ki rufa mini asiri. Ko gaisuwa daga bakin ƙofa nake yi a tsugune. Kuma in kira Baba in ce na saurari barcin matarsa? Haba Nazifa."

"To in ta mutu a ɗakinka fa?"

"Subhanallahi. Bar faɗin haka. Gajiya ce, wankan nan aiki ne."

Ya ɗauki buta ya fita masallaci da sauri kamar ana korar sa.

Abin ya ci gaba. Wata safiya Inna na wa Khalifa wanka, ya kwanta kan ƙafafunta, bahon ruwa a ƙasa. Nazifa na kallo daga ƙofa ta ga idon Inna ya lumshe, hannu ya saki, yaron ya fara zamewa. Ta kai kansa kafin ya taɓa ruwa. Inna ta buɗe ido, ta ga hannunta babu komai. Daga ranar Nazifa ta shiga ƙirƙiro dalilai: yanzu ya ci, bari ya huta, ruwan ya huce, ni zan yi. Inna ta gane. Ta koma zama nesa, tana tsintar shinkafar da ba ta da tsakuwa.

Ranar riga-kafin Khalifa suka tafi asibiti tare. Inna ta tashi da kan da ko ɗankwali ba ta son ya taɓa, don haka da aka gama da yaro Nazifa ta yanki kati, ta ja ta layin likita. Suka daɗe kan benci. Inna ta yi gyangyaɗi sau ba adadi.

Likitan matashi ne, idonsa ja don gajiya. Ya ɗaura mata abin awon jini a dantse.

"Mama, jininki ya hau. Mi ke damun ki?"

"Kai. Da kasala. In na tashi da safe kamar ban kwanta ba."

"Kina samun barci?"

"Guntu-guntu. In farka, in fita fitsari, in dawo, in farka."

"Daga ina kuke?"

"Janbako."

Ya gyaɗa kai kamar an ba shi amsar duka. "Kina yawan tunani?"

"Ɗan nan, wa ba ya tunani a ƙasarmu?"

"To shi ne. Damuwa ce, ga kuma shekaru, mata in sun kai nan sukan ji haka. Zan ba ki na hawan jini. Zan haɗa miki da wani ƙarami, ki sha in za ki kwanta. Barci mai nauyi za ki yi, ko ganga aka buga ba za ki farka ba."

Inna ta yi murmushi, rabon da ta yi tun kafin wankan nan. "Allah shi yi maka albarka. Shi nike nema."

Nazifa na tsaye bayan kujera, goyo a baya. Ko ganga ba za ta farka ba. Ita kuwa ta san abin da ke dawo da Inna duk lokacin da shirun nan ya zo: wannan 'yar zaburar ce, wannan fizgar. In magani ya danne ta fa? Biro na tafiya kan takarda. Ta faɗa a gaban namiji, baƙo, sa'an ɗan cikin Inna? Ta ji gumi na bin bayanta ƙarƙashin goyo.

"Likita."

Ya ɗago.

"Tana minshari. Mai ƙarfi. Kuma yana yankewa, numfashin ya tsaya cak, har in karanta Fatiha bai dawo ba. Sai ta fizgo shi kamar an shaƙe ta. Haka take yi har ta tashi. Da rana ma."

Inna ba ta juyo ba. Ta ja hijabi ta rufe rabin fuska.

Likita ya ajiye biro. Ya dubi takardar, ya ja layi ya soke wani abu.

"Ke kika gani da idonki?"

"Ɗaki ɗaya muke kwana."

Ya shafa kai. "Da wani alhaji ne mai tumbi ya zauna nan, da ita zan fara tambaya. Mata ba ku faɗa, mu kuma ba mu tambaya." Ya sa Inna ta buɗe baki, ya haska tocila, ya duba wuyanta. "Mama, ina zaton maƙogwaronki ke rufewa in kin yi barci. Jiki ya rasa iska, ya tashe ki, ke ba ki sani ba. Shi ke kawo ciwon kan, yana iya hawar da jinin ma. Wancan ƙaramin maganin, ko wani ya ba ki kada ki sha. Nan ba mu da na'urar gwaji. Sai babban asibiti a Sakkwato. Kafin nan ki riƙa kwanciya ta gefe, a ɗaga miki kai. Kada a bar shi, yana taɓa zuciya."

A hanya Inna ta yi gaba, Nazifa na bin ta a baya. Ko a-daidaita ta ƙi tsayawa a tara. Suna shiga gida ta jawo jakarta daga ƙarƙashin gado, ta shiga ninke zannuwa.

Nazifa ta tsaya bakin ƙofa. "Arba'in ba ta yi ba, Inna."

"A nemo wata ta ƙarasa. Wadda ba ta ƙona zane, ba ta yar da ɗa, ba a kai ta gaban maza a tona."

Ba ta bi ta kan Khalifa ba wannan karon. Bango ta gaya wa.

"Ki yi mini duk abin da za ki yi. Amma Janbako ba wanda zai ji ki. Ni ina ji. Kullum sai na ce wannan ne na ƙarshe."

Hannun Inna ya tsaya kan zane. A waje mai tallan albasa ya wuce yana kira.

"Da gaske tsayawa yakai?"

"Da gaske."

Inna ta zauna bakin gado. "Yayata Nagode haka take. Muna 'yan mata muna yi mata dariya, mu ce a kai ta garke ta kwana da shanu. Da ta yi aure aka bar zancen. Ita ma kullum kai, kullum kasala. Wata safiya aka je tashin ta salla." Ta goge hanci da gefen hijabi. "Aka ce ta yi kyakkyawan ƙarshe, ba jinya, ba wahala. Har ana yi mata sha'awa."

Ba ta fitar da zannuwan daga jaka ba. Ba ta kuma ƙara wani a kai ba.

Muttaka ne ya kira Baba a ƙarshe, yana ta in-ina, ya ce likita ya ce a je Sakkwato, bai faɗi dalili ba. Shi ne kuma zai raka ta, don mai jego ba ta doguwar tafiya. Ya bar shinkafa a hannun ƙanensa.

Da safe Nazifa ta bi su tasha duk da an hana ta. Muttaka ya shige gaba kusa da direba, ya kafe ido kan gilashi, ko waiwaye ba ya yi. Inna na baya, jikin taga, kusa da wata mata mai kwandon tumatir a cinya. Mota ba ta cika ba. Ɗan kamasho na ta kiran Sakkwato, Sakkwato, saura mutum biyu, ƙaryar da yake yi tun ɗazu.

Rana ta fara zafi. Kan Inna ya jingina da taga. Baki ya buɗe. Minshari ya tashi a tsakiyar tasha, a gaban kowa. Wani saurayi a kujerar baya ya ƙyalƙyale, ya taɓa abokinsa. Nazifa ta zuba masa ido har dariyar ta maƙale.

Ta zagaya ɗaya gefen, ta leƙa wurin mai tumatir.

"Mama, don Allah ki taimake ni. Uwata ce. In kin ji ta yi shiru, ki taɓa ta."

Matar ta dube ta. "In ta yi ƙara dai, ɗiyata."

"A'a. Ƙarar ki bar ta. In ta yi shiru."

Da aka cika, direba ya tada mota. Ƙarar injin ta rufe komai, Nazifa ba ta ƙara jin ko ana ja ko an tsaya ba. Ta bi motar da sauri har bakin titi, goyo na jijjiga, tana leƙen ƙirjin Inna ta cikin gilashi.